Maɓallan da Farfesa Ya Dafa

A wani layi da ke bayan kasuwar 'yan yadi akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Farfesa. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, mutanen layi kuma suka karɓa don su samu abin dariya. Gaskiyar magana, aikin da ya yi a cibiyar bincike har ya yi ritaya shi ne riƙon makullin sito. In masu bincike suna son safar hannu ko kwalba, shi ke buɗe ƙofa ya miƙo musu. Amma in ka ji shi a bakin titi yana cewa "mu masana", sai ka rantse shi ya gina cibiyar da hannunsa. Ranar da ya bar aiki ya taho da farar rigar ɗakin gwaji guda ɗaya, ba ya rabuwa da ita ko albasa zai je saye. Ga kuma tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda in ya cire ba ya bambanta matarsa da firij.

Matar tasa tela ce, shagonta na jikin gidan, kuma ƙafarta a kan keken ɗinki ita ke riƙe da gidan gaba ɗaya. Shekara da shekaru ita ke ɗinka wa wani kamfanin masu gadi kaki. Shugaban masu gadin, wani ƙaton mutum mai tumbi da ake kira Kwamanda, bai san wasa ba. Da ya kawo yadin bana sai da ya tsaya a ƙofar shago ya nuna tsallaken titi da kulkinsa, inda wani sabon tela ya buɗe shago da kekuna masu lantarki.

"Madam, wancan yaron kullum yana ofishina yana roƙo. Ni dai na ce ina da tela. Amma bana manyan da muke yi wa gadi za su zo kallon fareti. Zare ɗaya ya zazzago, na tsallaka titi."

"Ba za a ji kunya ba, Kwamanda."

"Kuma ban son zif. Zif na 'yan gayu ne. Maɓalli a riga, maɓalli a wando."

Farfesa yana zaune a kan benci yana jin su, sai kalmar maɓalli ta shige masa kai ta ƙi fita. Ko Kwamanda bai gama juya motarsa ba, Farfesa ya zarce wurin maƙwabcinsu Mai Guga, ya same shi yana feshe riga da ruwa.

"Ajiye dutsen nan, arziki ya zo layinmu. Ka san roba mai ruɓewa?"

"Na san tumatir mai ruɓewa."

"Jahilci dai bai yi ba. Roba ce da muke yi a cibiya da sitaci, irin wannan da kake sa wa kaya. In ta gama aiki ka jefa a ƙasa, ƙasa ta cinye ta, ba ta toshe kwata kamar leda. Matsalarta ɗaya, ba ta da ƙarfi. Sai mu zuba mata wata hoda mai laushin tsiya, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta. Sunanta nano. Da ta shiga, sai robar ta yi ƙarfi kamar ƙarfe."

"Kai ka ƙirƙiro?"

"Ni ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye ta. Ka ga kuwa ba a yi ba sai da ni."

Daga nan ya shimfiɗa masa shirin. Zai yi maɓallai da wannan roba, a sa wa kakin masu gadi, ranar fareti ya tashi gaban manya ya sanar. Kafin shekara ta zagayo duk rigar da ke ƙasar nan da maɓallinsa za a rufe ta. Mai Guga zai zama manajan masana'anta, da ofis da fanka. Mai Guga ya dubi dutsen gugarsa, ya dubi sama, ya ce a ba shi bokiti ya ɗebo sitaci.

Da Farfesa ya kai wa matarsa maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban yara, ka ga wannan kakin? Ko inuwarka ban yarda ta faɗa a kansa ba."

"Maman yara, ke ba ki san kimiyya ba."

"Na san wanda ya gyara mana rediyo har ya koma yin hayaƙi."

Ya yi murmushin manya, ya gyara farar rigarsa. A ransa ya ce haka aka yi wa duk masu ƙirƙira.

Ta fita kai ɗinki, shi kuma ya shige kicin. Ya zuba sitaci a babbar tukunyarta, ya ƙara ruwa da man gilisirin da ya saya a kemis, ya hau juyawa yana waƙa. Abin ya yi kauri, ya yi yauƙi, ya kama ludayi ya ƙi saki. Saura hoda. Ya tuna cewa ta cibiya daga yumɓu ake yin ta, don haka ya fasa tukunyar furen da ke tsakar gida, ya zuba gutsattsarin a bilendar matarsa ya danna. Bilenda ta yi wani kuka, ta yi tsalle, ta yi warin ƙuna, ta mutu murus.

Bai karaya ba. Ya aro turmi ya hau daka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya tankaɗe da rariya, ya ɗebo a tafin hannu ya kira Mai Guga.

"Yanzu za mu yi gwaji. Ƙa'idar ita ce, in ido bai ga ƙwayar ba, ta zama nano."

Mai Guga ya leƙa. "Ai ga su nan ina gani, kamar yashin gini."

"Idonka ba na bincike ba ne. Matsa."

Farfesa ya cire tabaransa, ya kai tafin hannu gaban fuska, ya ƙura ido. Ba ƙwaya ba, ko yatsunsa bai gani sosai ba.

"Alhamdu lillahi. Ban ga komai ba. Ta yi."

Kai, jama'a! Wannan shi ne injin awon Farfesa, kuma da shi ya auna duk abin da ya biyo baya.

Ya tuna a cibiya ɗan mitsitsi suke zubawa, a bakin cokali, suna auna shi kamar zinariya. Ya yi tsaki. Rowa ce kawai irin ta ma'aikata. In ɗan kaɗan yana sa ƙarfi, ai mai yawa sai ya fi. Ya juye kwano guda cur a tukunya. Ya jera marafan kwalbar lemo a faranti, ya cika kowanne, ya huda da ƙusa, ya kai rana.

Zubin farko ya bushe, ya taɓa ɗaya, ya ruguje kamar biskit. Zubi na biyu bai ma samu bushewa ba, kajin tsohuwar da ke saman bene suka sauko suka yi walima. Na uku tururuwa suka yi masa layi tun daga bakin kwata har cikin ɗakin kwana. Don maganinsu ya zuba garin barkono a tukunya tana kan wuta, hayaƙi ya tashi, layin gaba ɗaya ya ɗauki atishawa. Tsohuwar bene ta leƙo ta taga, ido jawur.

"Farfesa! In kashe mu za ka yi, ka bari mu yi sallama da 'ya'yanmu!"

"Iya, ki yi haƙuri, ci gaba ne."

"Ci gaban uwar wa? Kazata tun jiya take tafiya da baya!"

Matarsa kuwa da ta ga gawar bilenda da tukunyar da ta koma kamar an yi mata siminti, ba ta yi ihu ba. Ta dube shi tun daga tabarau har silifa, ta ce, "Ka ci tukunya, ka ci bilenda, na yafe. Ka taɓa kakin nan, ni da kai ne."

Ana cikin haka wata mai bincike daga cibiyar, wadda ake kira Dakta, ta kawo ɗinki shagon. Farfesa ya tare ta a ƙofa ya ja ta gefe, ya buɗe tafin hannu.

"'Yata, dubi abin da ku kuka kasa."

Dakta ta ɗauki abin ta juya shi. "Baba, mene ne wannan?"

"Maɓalli. Roba mai ruɓewa, da nano a ciki."

Ta danne dariya don tana ganin girmansa. "Baba, turmi ba ya yin nano. Ƙwayar da muke magana, sai ka tsaga silin gashi sau dubu kafin ka kai ƙanƙantarta. Kuma kaɗan ake sawa don ta bazu ko'ina. In ta yi yawa sai ta dunƙule, abin ya riƙa karyewa daga nan. Sannan babban abin, sitaci yana shan ruwa. Mu kanmu da injinanmu har yau da shi muke fama. Shi ya sa muke yin ledar rainon tsiro da ita, abin da ake so ya narke a ƙasa. Ba a sa ta a abin da zai sha gumi."

"Kin gama?"

"Na gama, Baba."

"To, lokacin da nake riƙe da makullin nan, ke kina firamare."

Da ta tafi ya gaya wa Mai Guga cewa hassada ce, kuma ta tona asirin kanta: yumɓu ne matsalar. Me ya fi ƙarfi a jikin halitta? Ƙashi! Ya nufi mahauta ya cika buhu da ƙasusuwa, ya shanya, ya ɗan gasa, ya daka har taɓarya ta tsage. Ya cire tabarau ya duba, bai ga komai ba, ya ce ta yi. Wannan karon ya rage hannu don ƙashin bai isa ba, sai Allah ya sa maɓallan suka bushe da tauri. Ya goge su da baƙin man takalmi har suna ƙyalli. Ya jefa ɗaya a ƙasa, ya yi tsalle bai fashe ba. Farfesa ya rungume Mai Guga, ya kira shi Manaja.

Dama kuma ta kawo kanta. Aiki ya yi wa matarsa yawa, fareti ya matso, ta leƙo daga shago.

"Baban yara, tunda kana zaune, je kasuwa ka sayo min baƙaƙen maɓallai. Ga samfur. Baƙaƙe, ka ji? Kada ka yi min kimiyya a hanya."

Ya karɓa da ladabi har da rusunawa. Ya je kasuwa, ya sayo, ya ɓoye na kasuwar a ƙarƙashin katifa, ya juye nasa a ledar da aka ba shi a kasuwa ya kawo mata. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina.

"Wannan wani irin wari ne?"

"Sabon shigowa ne. Haka na waje suke."

Ba ta da lokacin musu, ta hau ɗinki. Shi kuma ya zauna a benci yana kallon allura na shiga ramukan da ya huda da ƙusa, zuciyarsa fari ƙal. Ko sau ɗaya bai tuna da kulkin Kwamanda da shagon tsallaken titi ba.

Da aka kai kakin guga, Mai Guga ya rugo a guje, dutse a hannu, wani baƙin abu na maƙale a gindinsa.

"Farfesa, akwai matsala. Na fesa ruwa na ɗora dutse, maɓalli ya biyo ni. Shagona kuma ƙamshi yake kamar ana gasa nama a gidan biredi."

"To wa ya ce ka jiƙa? Ka goge ta baya, a bushe."

"In aka wanke fa?"

"Manaja, kana son ofis da fanka ko kana son tambaya?"

Mai Guga ya zaɓi fanka.

Ranar fareti gari ya waye da zafi mai nauyi, irin wanda iska ba ta motsi. Farfesa ya cire maɓallan farar rigarsa ya sa nasa, manya-manya, waɗanda ya zuba a marfin kwalbar magani. Wandonsa ma ya yi masa. Ya gayyaci layin kaf, har da tsohuwar bene, ya aika wa Dakta cewa ta zo ta ga yadda ake aiki. Matarsa ta yi kwalliya ta zauna a kujerar da aka ware mata a ƙarƙashin rumfa, tana kallon ɗinkinta a jikin mutane, tana jin daɗi. Can gefe sabon telan tsallaken titi ya raɓe a jikin katanga, shi ma ya zo kallo.

Masu gadi suka jeru a filin kamfani tun da hantsi, sahu-sahu, kowa da kulki a hannun hagu. Farin bel ɗinsu a kan riga yake, na ado ne. Wando kuwa maɓalli ne kaɗai ke riƙe da shi, yadda Kwamanda ya ce. A ƙarshen sahu ga masu karnuka, kowa riƙe da ƙaton kare. Manyan baƙi suka yi latti kamar yadda suka saba. Rana ta take, gumi ya jiƙa riguna ya gangara ƙugu. Karnukan suka fara ɗaga hanci suna wani ɗan kuka, masu riƙe da su na jan sarƙa.

Da baƙi suka zauna, mai gabatarwa ya ce a tafa wa telar da ta yi wannan ɗinki. Kafin ta miƙe, Farfesa ya riga ya isa gaban makirfo ya ƙwace.

"Manyan baƙi, sunana Farfesa. Ɗinki dai ɗinki ne, kowa na yi. Amma ku dubi maɓallan nan. Ba na kasuwa ba ne. Ni na yi su da hannuna, a gidana, da sitaci da nano. Ko matata ba ta sani ba sai yanzu!"

Ya juyo yana washe baki don ya ga farin cikinta. Ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi ƙasa, bakinta a buɗe. Dakta ta dafe kai.

"Wannan maɓalli," in ji Farfesa, yana dukan ƙirji, "ya fi ƙarfe ƙarfi, kuma in ya gama aikinsa, da kansa zai koma ƙasa!"

Aka tafa. Wani mai babbar riga a cikin baƙi ya gyaɗa kai. Kwamanda bai gane komai ba, amma da ya ga manya na tafi sai ya ƙara turo tumbi. Ya juya ga sahu, ya cika huhu, ya daka tsawar a ƙame.

Ƙafafu suka doki ƙasa a tare, rim!

Wani abu baƙi ya ɗiga daga rigar na farkon sahu, ya manne a takalminsa. Bai faɗi da ƙara ba, don ya riga ya zama kamar danƙo. Na kusa da shi ya saci kallon ƙirjinsa, ya ga maɓallinsa ya yi tsawo yana lilo a jikin zare, baƙin mai na gangarowa a kan sabon kaki.

Kwamanda ya ba da umarnin a buɗe ƙirji. Aka buɗe. Riguna suka buɗe su ma, daga wuya har bel, singileti iri-iri suka bayyana, wata fara, wata mai rami, wata mai hoton ƙwallo. Tsohuwar bene ta ce, "La ilaha!"

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma Kwamanda ya riga ya juya wa sahu baya yana fuskantar baƙi, bai ga abin da ke faruwa ba. Ya ɗaga murya ya ce a sara wa manya.

Hannun dama ya tafi goshi. Hannun hagu na riƙe da kulki. Dokar Kwamanda kuma kowa ya san ta: wanda ya motsa yana cikin sarawa, ko kunama ce ta harbe shi, ya bar aiki. To, da wane hannu za a riƙe wando?

Na wani dogo ne ya fara tafiya, a hankali, kamar yana neman izini. Ya tsaya a gwiwa, ya huta, ya ƙarasa. Na bayansa ya bi. Wani ya buɗe ƙafafu don ya tare nasa, wani ya haɗe gwiwoyi yana karkarwa, amma ina! Sahu bayan sahu wanduna suka sauka, mazaje na tsaye ƙiƙam, hannu a goshi, ido a gaba, gajerun wanduna kala-kala na shan iska. Wani tsohon mai gadi hawaye na zuba a fuskarsa, amma bai sauke hannu ba.

Rumfa ta yi tsit, sannan wata mata a cikin baƙi ta fashe, sai wuri ya kece gaba ɗaya. Mai babbar riga ya faɗo daga kujera. Mutanen layi suna riƙe ciki suna bubbuga juna. Mai Guga kuwa, manajan masana'anta, tuni ya bi ta bayan motoci ya san inda dare ya yi masa.

Kwamanda ya waiga. Ya buɗe baki zai yi tsawa, ya ja numfashi, tumbi ya cika, nasa maɓallan suka bar aiki gaba ɗaya. Ya cafe wandonsa da hannu biyu, kulki ya faɗi.

A nan ne karnuka suka ce haƙurinsu ya ƙare. Tun safe suke jin ƙamshin gasasshen ƙashi a jikin kowa, yanzu ga shi a warwatse a ƙasa. Masu riƙe da su sun saki sarƙa sun kama wando. Karnuka suka bazu cikin sahu suna lashe takalma, suna bin zare. Wani ƙato ya dafa Kwamanda da ƙafafun gaba yana lasar masa cibiya, Kwamanda na ja da baya da ƙananan taku yana kiran sunan karen da muryar da ba ta kwamanda ba.

Farfesa bai saki makirfo ba. "Jama'a, ku kwantar da hankali! Wannan shi ne ruɓewar da na faɗa muku! Ta ɗan zo da wuri ne kawai!"

Dakta ta ɗaga murya daga rumfa. "Baba, na gaya maka gumi!"

"Laifin rana ne! A ƙasashen da suka ci gaba ba a yin rana haka!"

Babban karen ya ɗago kai. Maɓallan da suka fi girma a filin nan suna ƙirjin mutum ɗaya. Ya taho, sauran suka biyo. Farfesa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya yi taku biyu, wandonsa ya sauka ya harɗe shi, ya kife a gaban teburin manya. Karnuka suka rufe shi. Ba su cije shi ba, ko ɗaya. Sun dai bi farar rigar nan daga wuya zuwa ƙasa sun cinye kimiyyar tas, suka lashe masa fuska don godiya.

Da aka janye su ya tashi zaune, hannu ɗaya a wando. Ya dubi fili, ya ga abin da ya aikata, sai ya sa hannu ya cire tabarau. Nan take duniya ta yi masa daɗi, babu sahu, babu baƙi, sai hazo.

"Ni dai ban ga wani abin tashin hankali ba," in ji shi.

Wani hannu ya ƙwace tabaran ya mayar masa a fuska da ƙarfi har hancinsa ya yi zafi. Matarsa ce.

"Sa ka gani. Wannan ba nanonka ba ne, kowa yana gani."

Kwamanda ya iso, an ɗaure masa wando da igiyar kare. Bai ko dubi Farfesa ba.

"Madam, shekara nawa muna tare?"

"Kwamanda, wallahi ban sani ba. Ka ba ni kayan, kafin gobe na canja su duka."

"Ki canja, don kaya nawa ne. Amma na ce zare ɗaya." Ya nuna filin da haɓa. "Wannan zare ɗaya ne?"

Matar da ba a taɓa ganin hawayenta a layi ba, ta sa bakin gyale ta share ido. A jikin katanga sabon tela yana ta gyara wuyan rigarsa.

Washegari da safe aka ga Farfesa a kan benci a ƙofar shago, tulin kaki a gabansa, maɓallan kasuwa da aka zaƙulo daga ƙarƙashin katifa a gefensa. Ita ta zaunar da shi a nan, a waje, inda duk mai wucewa zai gan shi. Farar rigarsa a buɗe, ba maɓalli ko ɗaya, ga sawun ƙafar kare a kafaɗa. Yana ta fama da zare da allura, ya soki yatsa ya fi a ƙirga.

Tsohuwar bene ta leƙo. "Farfesa, ina kwana? Yau me za a dafa mana, takalmi?"

Wani mai babur ya rage gudu, ya sara masa da hannun dama, ya riƙe wando da na hagu, ya wuce yana dariya. Mai Guga ya rufe tagarsa.

Farfesa ya yi gyaran murya, ya leƙa cikin shago. "Maman yara, na gano inda kuskuren yake. Da na sa ƙaho maimakon ƙashi..."

Keken ɗinki ya tsaya. Ba don maganarsa ba. Motar kamfanin masu gadi ce ta shigo layin, ta wuce ƙofarsu a hankali, ta tsaya a tsallaken titi. Aka buɗe baya, aka fara sauke bandir-bandir na sabon yadi, sabon tela na karɓa da hannu biyu yana rusunawa. Matar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, almakashi a hannu, tana kallon abincin gidanta ana shiga da shi shagon wani.

Farfesa ya dubi motar, ya dubi fuskar matarsa. Hannunsa ya tashi a hankali ya nufi tabarau.

Ba ta ko juyo ba.

"Bar shi a fuskarka," in ji ta. "Sai an gama saukewa."